GWIWA: IGIYA HUƊU KE RIƘE DA ITA

Manomi da mai daka da ɗan kokowa, kowa da gwiwa yake neman abincinsa. In ta ƙi aiki tsakiyar damina, haki ya cinye gona. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba yadda gininta yake.

Ƙashi uku suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwabri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba kamar garkuwa. A kwatangwalo, kan ƙashin cinya yana zaune cikin rami, kamar taɓarya cikin turmi. A gwiwa babu turmi. Ƙashin cinya yana bisa na ƙwabri kawai, kamar taɓarya bisa dutsen niƙa. To, mi ke hana shi zamewa?

Jijiyoyi huɗu ne. Ba na jini ba ne, masu tauri ne kamar igiya. Biyu suna gefe, dama da hagu, suna hana gwiwa karkata. Biyu suna can ciki, sun gitta juna, suna hana ƙwabri zamewa gaba ko baya. Tsakanin ƙasusuwan kuma akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata. Aikinsu aikin gammo ne. Ga kuma wani ruwa mai santsi da ke hana ƙashi cin ƙashi.

Nauyin ba kaɗan ba ne. Cikin tafiya, kowane taki yana aza wa gwiwa nauyin mutum ninki 2 zuwa 3. Matar da ta ɗauko bido mai lita 20 daga rijiya ta ƙara kilo 20, su ma gwiwa tana jin su a ninke.

Gwiwa ta san tanƙwasawa da miƙewa, amma ba ta son murɗiya. In ƙafa ta kafe cikin laka ko rairayi, jiki kuma ya juya da ƙarfi, igiyar ciki tana iya tsinkewa. Haka yake faruwa ga mai dirowa daga amalanke. Haka kuma a filin kokowa: tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ƴan kallo sun saba ganin gwiwa ta zaunar da ƙato. Mutum yakan ji "ɗas", gwiwa ta kumbura cikin ƴan awowi, daga baya ta riƙa kubce masa.

Nan ne muke yawan ruɗuwa. Maɗori ya san ƙashi, ba mu raina saninsa ba. Amma igiyar ciki ba ta ɗoruwa da kara, ja da murza kuwa ƙara ɓarna suke. Ta gefe takan warke cikin makonni in an ɗaure an huta. Ta ciki ba ta cika haɗewa da kanta ba. Hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai likita ya gwada da hannu.

In an yi targaɗe, a bar aiki. A ɗaga ƙafa bisa matashi, a aza tsumma mai ruwan sanyi, a naɗe da ƙyalle ba tare da an matse ba. In ba a iya takawa, ko gwiwa ta ƙi miƙewa, sai gidan likita. In ta kumbura ta yi zafi ga taɓi, ga zazzaɓi, a tafi ranar nan, domin ƙila mugunya ce ciki. Kada a yi tsaga, kada a sa ƙaho.

Akwai mai taimakon igiyoyin, ita ce tsokar gaban cinya. In ta yi ƙarfi, gwiwa tana tsayawa daram, wani lokaci ko da igiya guda ta tsinke. Ƙarfafa ta ba ya son kuɗi. A kwanta rigingine bisa tabarma, a tanƙwasa ƙafa guda, a miƙe ɗayar. A ɗaga miƙaƙƙiyar kamar taƙi ɗaya, a ƙirga 10, a sauke sannu. A yi sau 10, safe da marece.