Ƙwan Fitilar Zaure

Gidan hayar da na fara zama a Kano bayan na yi aure ɗaki goma sha ɗaya ne, zaure ɗaya, famfo ɗaya, sai rariya guda da ke fitar da ruwan kowa zuwa kwatar lungu. Kowane magidanci ya san ɗakinsa. In kwaɗon ƙofarsa ya lalace, ba ya kwana sai ya sayo wani. Amma da ƙwan fitilar zaure ya mutu, sai da muka yi kusan wata biyu muna laluben hanya da hasken waya.

Ba rowa ce ta hana mu ba. Duk wata muna ba da kuɗin gyara ga wani dattijo da mai gidan ya wakilta. Sai dai kuɗin ba sa kwana a hannunsa. Ƙa'ida ce ya miƙa wa mai gida, in buƙata ta taso kuma ya koma ya roƙa. In ka tare shi da zancen ƙwai, sai ya ce, "Ɗana, wallahi na faɗa wa Alhaji." Kuma gaskiyarsa ce, ya faɗa.

A cikin duhun nan aka ɗauke babur ɗin maƙwabcina daga zauren. A cikinsa kuma wata baiwar Allah mai tsohon ciki ta zame a ruwan da ya kwanta saboda rariya ta toshe, Allah ya kiyaye. Da muka zauna taro bayan satar, wani ya ce a ɗauki mai gadi, wani ya ce kowa ya tanadi gora. An jima ana magana kafin wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ku fara sa mana wuta a zaure mana."

Wannan zauren nake tunawa duk sanda zancen ƙwacen waya da faɗan daba ya taso a birnin nan. Maganarmu ba ta wuce a ƙaro 'yan sanda, a ƙaro motocin sintiri. Ana bukatarsu, ba shakka. Amma sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda ɗaya ya amince da ita a Najeriya, kuma linzaminta yana Abuja. Ciyaman na ƙaramar hukuma ba shi da ko kurtu guda. A da En'e tana da 'yan dokarta, kafin gwamnatin Janar Gowon ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Ba kewarsu nake yi ba, domin tsofaffin 'yan jam'iyyar NEPU sun san irin azabar da suka sha a hannunsu.

Abin da aka bar wa ƙaramar hukuma yana cikin jadawali na huɗu na tsarin mulkin: titunan unguwa, fitilun kan titi, magudanun ruwa, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, makewayin jama'a, maƙabartu, sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba. Wato zaure da rariya da tsakar gida. Mutum zai ce ina ruwan waɗannan da tsaro. To, mai ƙwacen waya ba ya tsayawa ƙarƙashin fitila, lungu mai duhu yake nema. Kwatar da ta cushe da leda ita ce ke juyo da ruwan Agusta cikin gidaje har katangar ƙasa ta zube kan masu barci. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ya san darajar layin da aka bari a buɗe, wanda tebura da rumfuna ba su cinye shi ba, yadda motar kashe gobara za ta iya kutsawa. Ko lambar gida ma abin ceton rai ce. Mutumin da ke kiran agaji da tsakar dare yana kwatance da "bayan masallaci, kusa da mai shayi" yana ɓata mintocin da ba shi da su.

Kuɗin wannan aiki suna nan. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. Amma sashe na 162 ya ce su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a nan ne wakili ya koma mai roƙo. Gwamnoni da yawa ma sun riƙa rushe zaɓaɓɓun majalisu suna naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki. Na yi murna ranar. Sai dai shekara guda bayan haka, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana nan tana kokawa cewa ba a aiwatar ba.

Ko an aiwatar ma, akwai sauran rina a kaba. Dattijon gidanmu ba mu muka zaɓe shi ba, don haka fuskar Alhaji yake duba kafin tamu. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi. A Kano, APC ta lashe kujeru 44 duka a 2018 da 2021, NNPP ta lashe 44 duka a Oktoban 2024. Haka abin yake a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ce ke mulki. Ciyaman ɗin da ya san daga inda kujerarsa ta fito ya san ƙofar da zai riƙa yi wa sammako, kuma ba ta mai unguwa ba ce.

Ban ce jiha ta tsame hannunta ba. Birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu a cikinsa: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan Jakara ba ya tsayawa ya tambayi iyakar Dala da Fagge, ɗan daba ma haka. Dole akwai aikin da sai hukumomin jiha irin su KAROTA mai kula da zirga-zirgar motoci da REMASAB mai kwashe shara. Amma idon jiha babban titi yake gani, inda baƙi ke wucewa. Lungun da yarinya ke bi ta dawo daga Islamiyyar dare, kansila ne ya san shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma da namu laifin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ledar da ta toshe rariyar gidanmu ba Alhaji ne ya zuba ta ba. Kuma da yawanmu mun san sunan ministoci, amma ba mu san kansilan mazaɓarmu ba, ballantana mu tambayi nawa ya shigo wa ƙaramar hukumarmu a watan jiya, alhali ana buga rabon kowane wata.

A gidan namu, mu shida muka je muka sami mai gida bayan sallar Juma'a. Ba faɗa muka yi ba. Roƙonsa muka yi ya bar kuɗin gyara a hannun dattijon, mu kuma muka sa sharaɗin a manna takarda a bangon zaure, a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Ya yi jim, ya ce a gwada na wata uku. Washegari aka sa ƙwai. Rariyar ta ɗauki sati biyu, domin sai da aka fasa siminti. Maƙwabcina bai sake ganin babur ɗinsa ba, kuma da shi yake ciyar da 'ya'ya biyar.