Me Ya Sa Kek Yake Ƙonewa A Waje, Cikinsa Kuwa Ɗanye?



Duk lokacin da walimar sauka ko hutun Salla ya gabato, za ku ga gidaje da yawa an sayo fulawa da bota da ƙwai, an ce bana a gida za a yi kek da burodi. Shawara ce mai kyau, akwai rangwame, kuma mutum ya san abin da ya zuba da hannunsa. To amma sau nawa aka buɗe obin aka tarar sama ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa kamar kunu? Ƙwai da bota sun tafi a banza, ga baƙi suna tafe. Sai a ce wance ba ta da hannu, ko a ce fulawar ce. Yawanci ba haka ba ne. Wuta ce ba a san halinta ba, sai kuma awo da aka yi da ka.

Ku fara sanin cewa abin da ke tayar da burodi dabam, na kek dabam. Burodi yis ne yake tayar da shi. Shi yis, ɗalibai ku riƙe wannan, halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai. Idan ta sami ruwa da ɗumi sai ta ci sukarin da ke cikin kwaɓin ta fitar da iska, iskar nan ce take kumbura shi. Tunda mai rai ce, ruwan zafi yana kashe ta; da zafinsa ya kai wajen digiri 60, shi ke nan. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake so, irin na wankan jariri. Shi kuwa kek, bekin foda ne yake tayar da shi, tare da iskar da aka kaɗa cikin bota da sukari da ƙwai. In kuna shakkar bekin fodarku ta kwana biyu, ku zuba kaɗan a ruwan zafi. In ba ta yi kumfa ba, ta mutu.

Saboda wannan bambancin, kwaɓin burodi yana son wahala. A murza, a naɗe, a buga kamar minti 10, har ya yi danƙo yana miƙewa ba ya tsinkewa, domin danƙon ne yake riƙe iskar. Kwaɓin kek ba ya son haka. Bota da sukari ake bugawa sosai har su yi fari, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, amma da an zuba fulawa sai a juya a hankali, tana ɓacewa a tsaya. In aka ci gaba da bugu, kek zai fito da tauri kamar roba.

Ga awo mai sauƙi. Na burodi: fulawa giram 500, yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, sukari babban cokali 3, bota ko mai babban cokali 2, ruwa kamar mililita 300. Na kek: ƙwai 4, bota giram 200, sukari giram 200, fulawa giram 200, bekin foda ƙaramin cokali 2. Wato nauyi ɗaya ke nan ga kowanne, irin tsohon awon mutanen Ingila na laba guda-guda. Amma ku lura, nauyi na ce, ban ce kofi ba. Kofin da ya ɗauki sukari giram 200, fulawar da zai ɗauka ba ta wuce giram 125 ko kusa da haka ba. Nan ne mutane da yawa suke rikicewa.

Kada kuma ku dogara da agogo wajen tashin burodi. Da bazara kwaɓi yakan ninka kafin awa guda, in aka bar shi ya wuce sai ya yi tsami ya faɗa. Da hunturu yakan ɗauki awa biyu, samansa kuma ya bushe, sai an rufe shi da tsumma mai laima. Ku danna shi da yatsa: in ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba, ya isa gashi.

To yanzu ga maganar wuta, wadda ita ce uwar abin. Zafi daga waje yake shiga, a hankali yake ratsawa zuwa tsakiya. In wuta ta yi yawa, bayan kek zai bushe ya ƙone tun zafin bai isa cibiyarsa ba. Ƙara wuta ba ya sa ya nuna da wuri, ƙonewa kawai yake jawowa. Kek digiri 180 yake so, burodi 200 zuwa 220, kuma gwangwani mai zurfi yana bukatar wuta ƙasa-ƙasa da lokaci mai tsawo. A kunna obin minti 15 kafin a sa komai, kada a cika gwangwani ya wuce kashi biyu cikin uku, a ajiye a tsakiya.

Sai dai fa lambar da ke jikin makunnin ba kullum take faɗin gaskiya ba, musamman obin gas da ya tsufa. A gidanmu mun daɗe muna zargin mai kwaɓi, ashe kusurwar baya ce take da zafi fiye da gaba. Ga yadda za ku gane naku: ku jera yankakken burodi a faranti ya cika shi, ku sa na ɗan lokaci ku fitar. Inda ya fi yin ja, nan wuta ta fi ƙarfi. Daga nan kun san dole ku juya gwangwani idan gashi ya yi nisa. In ƙasa ne yake ƙonewa, ku sa faranti mai yashi ko gishiri a can ƙasa ya tare zafin.

Ku kuma yara masu son leƙe, ku yi haƙuri. Minti 20 na farko ba a buɗe wa babban kek ƙofa, domin cikinsa bai daskare ba, iska mai sanyi na shiga sai tsakiyarsa ta lotsa, ba kuma za ta sake tashi ba. Haka nan in obin na lantarki ne aka ɗauke wuta, kada a buɗe. Zafin da ke ciki yakan ƙarasa ƙananan gwangwanaye.

Wanda ba shi da obin, tukunya ta isa. A wanke yashi a shanya, a zuba a babbar tukunya kaurin yatsa uku, a rufe a ɗora kan gawayi ya yi zafi tukuna. A sa 'yan duwatsu ko waya don kada gwangwani ya zauna kan yashin, sannan a zuba garwashi a kan murfi. Na sama ya ɗan fi na ƙasa yawa. Amma don Allah a tsakar gida za a yi, ba a ɗaki a rufe ba, ko da ana sanyi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, tana kisa.

Ƙananan kek sukan nuna cikin minti 15 zuwa 20, babba 35 zuwa 45, burodi kamar rabin awa. Ku soka tsinke a tsakiyar kek, in ya fito a bushe ya yi. Burodi kuwa a fitar da shi daga gwangwani a ƙwanƙwasa ƙasansa, za ku ji yana amsawa kamar ganga. A ɗora su inda iska za ta ratsa ta ƙasa har su huce sarai kafin a ƙulla a leda, in ba haka ba za su yi gumi, kwana biyu ku ga fumfuna.