Kada Gara Ta Cinye Tarihin Mazan Jiya

Ya ku 'yan'uwana matan gida, da ku 'yan makaranta, yau zancenmu a kan wani akwati ne da ke gidaje da yawa a ƙasar nan. Akwatin ƙarfe ne, yana ƙarƙashin gado ko cikin ɗakin shirgi. In an buɗe shi sai a tarar da kaki wanda ya koɗe, da jar dara ko malfa, da hoto ɗaya ko biyu, da wani ɗan littafi da ya yi jawur, da minda, watau lambar girman nan da soja ke ratayawa a ƙirji. Mai kayan ya tsufa, ko kuwa ya riga mu gidan gaskiya. To, wa ke share ɗakin? Wa ke cewa wannan a ajiye, wancan a zubar? Mace ce. Saboda haka tsirar akwatin nan ko halakarsa a hannunku take.

Bari mu fara da sanin inda kayan suka fito, gama wanda bai san darajar abu ba ba ya adana shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, sojojin Nijeriya sun tafi gabashin Afirka a 1940. A 1941 suka kori Italiyawa daga Mogadishu, suka bi su har Harar ta ƙasar Habasha. Sa'an nan aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗebe su a jiragen ruwa zuwa Indiya a 1943 da 1944, daga can suka shiga ƙasar Bama don su yaƙi Jafanawa. Ba Bama ta Barno nake nufi ba, ƙasa ce can gabas da Indiya, yanzu ana kiranta Miyanma. Sun yi fama cikin kurmi da ruwan sama a kwarin kogin Kaladan, suka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945, galibinsu kuwa ba su ga gida ba sai 1946. Da yawansu 'yan Arewa ne, har Hausa ce harshen bariki a zamanin.

Bayan waɗannan akwai waɗanda suka je Kwango daga 1960 zuwa 1964 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, da waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da waɗanda suka je Laberiya daga 1990, sa'an nan Saliyo, da samarin da aka tura arewa maso gabas tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009. Sunayen barikokinmu ma shaida ne. Barikin Kalapanzin na Kaduna sunan wani kogi na Bama ya ci. Barikin Chindit na Zariya sunan wata rundunar da ta shiga bayan Jafanawa cikin kurmi ne, da bataliyoyin Nijeriya a cikinta a 1944. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani gari ne na Kwango. Akwai kuma barikin Chari Maigumeri a Lokoja, wanda aka sa wa sunan wani samanja da ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya bar aiki a 1953. Shi an rubuta sunansa a ƙofar bariki. Amma farabiti da kofur da saje dubu nawa ne suka tafi suka komo ba wanda ya sa wa ko lungu sunansu? Su abin tunawa da su duka yana cikin akwatin nan da ke ɗakinki.

To, ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Kaya ba sa magana. Ku ɗauko mindar Bama ku duba. Tauraro ce mai tsini shida, launin tagulla, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ta Afirka kuma tauraro ce, amma ƙyallenta launin rairayi ne da jan ratsi a tsakiya. Ku juya bayansu. Ba suna, ba lamba. Ingila ta raba mindodin yaƙin 1939 zuwa 1945 ba tare da ta sassaƙa sunan mai su ba, ba kamar na Yaƙin Duniya na Farko ba, waɗanda aka buga suna da lambar soja a jikinsu. Watau ran da minda ta rabu da takardunta, kuma tsohuwar da ta san labarinta ta rasu, ta zama guntun ƙarfe kurum, ɗan gwangwan ya auna a sikeli ya biya kuɗin da bai kai na cefanen yini ɗaya ba.

Don haka abin da ya fi kome daraja cikin akwatin shi ne ɗan littafin nan da ba ya ɗaukar ido, littafin sallama da aka ba soja ran da ya bar aiki. A ciki ne ake samun lambarsa ta soja, da muƙaminsa, da bataliyarsa, da ranar da ya shiga da ranar da ya fita. Lambar nan ita ce mabuɗi. A zamanin Turawa yawanci ana rubuta soja da sunansa na yanka da sunan garinsu. To, Audu nawa ne suka fito daga Kano, Garba nawa daga Sakkwato? Lamba ce kaɗai ke rarrabe su. Matar sojan da ke bakin aiki ma ta ji wannan. Ki san lambar mijinki kamar yadda kika san sunan 'ya'yanki, ki san inda takardunsa suke, ki san wanda ya rubuta a matsayin magajinsa a ofis. Mutuwa ba ta sallama. Ran da aka je neman fansho da garatutin marayu, lamba da takarda za a tambaya, kuka ba ya tsayawa a madadinsu.

Yanzu sai yadda za a adana. Abokan gaban akwatin nan biyar ne: gara, da asu, da ɓera, da danshi, da rana. Kada a jingina akwati da bango, kada kuma a dire shi a ƙasa. A ɗora shi bisa bulo ko benci, yadda za ki iya leƙa ƙarƙashinsa ki ga ko gara ta fara gini. A buɗe shi sau biyu a shekara, kafin damina ta sauka da bayan ta ɗauke. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, a shanya tufafin a inuwa, a kakkaɓe su da hankali. Rana tana cin launi, saboda haka ban da shanya a tsakar gida da tsakar rana. In kakin na bukatar wanki, kuma bai ruɓe ba, a wanke da hannu da ruwan sanyi, ya bushe ƙayau kafin a ninke. A naɗe shi cikin farin zanen auduga mai tsabta. Leda tana riƙe gumi, sai ki buɗe ki tarar ya yi fumfuna. In za ki sa kafur saboda asu, ki ƙulle shi a ƙyalle daban, kada ya taɓa tufafi ko minda.

Minda kuwa, na san halinmu mata, ba mu son ganin ƙarfe ya dushe. Amma kada ki goge ta da toka, ko yashi, ko lemun tsami, ko soson ƙarfe kamar kwanon tuwo. Duk gugar da aka yi tana cinye zanen da ke jikinta, abin da ya tafi kuwa ba ya komowa. Ƙyalle mai laushi busasshe ya isa. Kada a wanke ƙyallen da take rataye da shi, kada kuma a canja shi don ya tsufa, gama launinsa ne ke faɗin yaƙin da aka je. Ko wace minda a naɗe ta daban don kada su goge juna.

Takardu su ne suka fi bukatar lallashi. A zare allurai da ƙarafan da aka maƙala musu, gama tsatsa tana huda takarda. In ta yage kada a liƙe da salatif, domin bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yana zama ruwan ƙasa ya ɓata rubutu. Kada kuma a kai wa masu liƙe takarda cikin roba da zafi, don in ta shiga ba ta fita lafiya. A miƙe ta a shimfiɗe tsakanin farar takarda biyu, a sa cikin fayil. Hoto kuma a rubuta a bayansa da fensir mai laushi: wane ne wannan, ina aka ɗauka, wace shekara. Tawadar biro tana ratsawa ta ɓullo a fuskar mutum. In kuna son hoto a bango, ku sa a wanko wani ku rataye, na ainihin ya zauna cikin duhu. Ke 'yar makaranta, ga aikinki: ɗauki kowane shafi da kowane hoto da waya, a wuri mai haske, ki aika wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban. Gobara ko ambaliya ba ta cin gida uku dare ɗaya.

Akwai wani abu da ba na ajiya ba ne ko kaɗan. Wani tsohon soja yakan dawo da harsashi, ko gurneti, ko wani ƙarfen da ba ku gane kansa ba. Tsufa ba ya kashe irin waɗannan, har yakan sa su fi saurin tashi. In kun gani kada ku taɓa, kada ku jefa a wuta ko masai, kada ku sayar wa ɗan gwangwan. Ku fitar da yara, maigida ya sanar da 'yan sanda ko barikin da ke kusa.

Saura babban aikin, watau labari. Ku yi lissafi. Wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 18, an haife shi a 1925, ya cika shekara 100 ke nan a 2025. Wanda ya je yaƙin basasa a 1967 yana da shekara 20, haihuwar 1947 ne. Ashe babu sauran jinkiri. A sayi littafin rubutu mai kauri, yarinya ta zauna gaban kakanta bayan la'asar da fensir. Ta tambaye shi a ina aka ɗauke shi soja, wa ya raka shi, me suka ci a hanya, su wa ne abokansa, wa ya komo wa bai komo ba, yaya aka tarbe shi ran da ya iso gida. Ta rubuta yadda ya faɗa, ban da ƙarin gishiri. In ya yarda ta ɗauki muryarsa da waya. In kuwa ya yi shiru a wani wuri, ko idonsa ya kawo ruwa, a ƙyale shi. Akwai abin da soja ya gani wanda ba ya son jikarsa ta ji, kuma yana da gaskiya.

In mai kayan ya rasu, a je wurin matarsa. Ita ta san zaman bariki, da magajiyar da ke sasanta matan sojoji, da watannin da aka yi ba wasiƙa, da yadda aka ciyar da yara. Nata labarin ma tarihi ne, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Kada ku raina abin da littafin rubutu ke iya yi. Wani soja mai suna Isaac Fadoyebo, daga wajen Owo, an harbe shi a bakin kogin Kaladan a 1944. Wani manomi Musulmi na ƙauyen ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali da Jafanawa sun gane da sun kashe shi. Da Fadoyebo ya komo gida sai ya rubuta abin da ya same shi. Rubutun nan ne ya kai wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips, har ƙofar gidansa a Ikko, ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa, ya je Bama ya nemo iyalin manomin ya ba su. Tsohon ya rasu a 2012, ya riga ya ji cewa godiyarsa ta isa. Da bai rubuta ba fa?

Ga kuma abin da rashin rubutu ke jawowa. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin da suka yi wa Ingila yaƙi ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba. In manyan hukumomi sun yi sakaci haka, wa zai riƙe sunan namu in ba mu ba? Waɗanda nasu bai komo daga Bama ba, su sani akwai dutsen tunawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Ana iya neman suna a rajistar hukumar ta intanet, nan ma lambar soja ce za ta taimake ku.

Wata shawara ta ƙarshe game da rabon gado. Kada a ba wannan minda, wancan hoto, wata kuma littafin sallama, gama in sun rabu sun mutu. Magada su yarda a bar su wuri ɗaya a hannun wanda aka sani da riƙon amana, kowa ya karɓi hotonsu, a rubuta cikin littafin nan wa ke riƙe da su. Ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wadda ta yi daidai da ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, a fito da akwatin, a tara yara, wadda ta iya karatu ta karanta musu, a yi wa mai kayan addu'a.

Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, 'yan'uwa. Kafin Juma'a mai zuwa ki jawo akwatin nan, ki nemo lambar, ki rubuta ta wuri biyu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu rai lafiya, Ya tsare waɗanda ke bakin daga. Sai mako mai zuwa.