Wa'adin rejim na rage ƙiba: mako nawa, wata nawa?

1. Gabatarwa

Wanda ya shiga rejim don ya rage ƙiba, tambayar da ya fi yi ita ce: mi zan ci, mi zan bari? Ba kasafai yake tambayar ranar da zai daina ba. Alhali kuwa tsawon lokaci na cikin abubuwan da ke raba rejim mai amfani da mai lahani. Makasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa wa'adin ya danganta ga yawan abincin da aka rage, kuma fita daga rejim aiki ne da ake shiryawa tun ranar shiga.

2. Ma'anar kalmomi

Kalmar rejim aro ce daga Faransanci. A nan muna nufin cin abinci ƙasa da abin da jiki ke ƙonawa, da gangan, don nauyi ya sauka. Kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram 1 na mai yana ɗauke da kalori 9. Giram 1 na sukari ko na furotin, kalori 4. Babban cokali guda na man gyaɗa ya kai kalori 120. Baligi yana buƙatar kimanin 2000 (mace) zuwa 2500 (namiji) a rana, gwargwadon girman jiki da aiki. Za mu bambanta matakai uku:

a) rejim mai sauƙi: a rage kalori 500 zuwa 600 a rana daga abin da jiki ke buƙata;
b) rejim matsakaici: a ci kalori 800 zuwa 1200 a rana;
c) rejim mai tsanani: a ci ƙasa da kalori 800 a rana.

3. Abin da ke faruwa cikin jiki

A makon farko nauyi yana sauka da sauri, amma galibinsa ruwa ne. Hanta da tsoka suna ajiye wani nau'in sukari da ake kira gilikojen, kusan rabin kilo, kuma kowane giram nasa yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Idan ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi ta. Daga nan ne jiki ke komawa sosai ga kitse, kuma kilo 1 na kitse yana daidai da kalori 7700. Saboda haka saurin makon farko ba ya ɗorewa.

Bayan wannan, jiki yana rage abin da yake ƙonawa. Shahararriyar hujja a kan haka ita ce gwajin da Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minesota, a Amurka, cikin 1944 da 1945. Samari 36 ne suka yarda aka rage musu abinci zuwa kusan rabi, wato wajen kalori 1600 a rana, har mako 24. Sun rasa kusan kashi 25 bisa 100 na nauyinsu, kuma abin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 bisa 100. An ga sanyin jiki, da baƙin rai, da tunanin abinci dare da rana. Mu lura da cewa waɗannan samari ba masu ƙiba ba ne. Amma gwajin ya nuna inda doguwar yunwa ke kai jiki da hankali.

Yunwar kuma ba ta tafiya da zarar an daina. A wani bincike da aka yi a Melbon, ƙasar Ostareliya, aka buga a 2011, mutum 50 masu ƙiba sun shiga rejim mai tsanani na mako 10, nauyinsu ya sauka da kimanin kilo 13. Bayan shekara guda an tarar sinadarin da ke tada yunwa, gerelin, yana nan sama da yadda yake kafin rejim, wanda ke sanar da ƙoshi kuma, leptin, yana ƙasa.

4. Wa'adin kowane mataki

4.1. Rejim mai tsanani

Hukumar NICE ta Ingila, a cikin ƙa'idojinta na 2014, ta ƙayyade cewa kada irin wannan rejim ya wuce mako 12, kuma a yi shi ƙarƙashin kulawar likita, ga mai ƙiba da ke da dalili na asibiti, misali wanda ke jiran aikin tiyata. Wannan iyaka tana da tarihi. Cikin 1977 da 1978, a Amurka, an samu mace-mace tsakanin masu shan wani ruwan furotin maras inganci a maimakon abinci. An bi diddigin mutum 17 daga cikinsu waɗanda ba su da wata cuta sai ƙiba: sun yi watanni a kan rejim ɗin, kuma rikicewar bugun zuciya ce ta kashe su. Gaurayen da ake amfani da su yanzu a asibiti suna da cikakken furotin da bitamin da gishirin jiki, amma sauran haɗura suna nan: zubewar tsoka, da jiri, da tsakuwa cikin matsarmama, wadda ta fi samun wanda ke rasa fiye da kilo 1,5 a mako.

4.2. Rejim matsakaici

Misalin da aka fi nazari shi ne binciken DiRECT, na Mike Lean (Gilasgo) da Roy Taylor (Niyukasil), wanda sakamakonsa ya fito a 2017. Masu ciwon sukari nau'i na 2 sun bar abincin yau da kullum suka koma ga gauraye mai kalori 825 zuwa 853 a rana, na wata 3 zuwa 5. Bayan shekara guda, ciwon ya lafa ba tare da magani ba ga kashi 46 bisa 100 nasu, alhali a rukunin da aka bari kan kulawar da aka saba kashi 4 ne kawai. Abin lura a nan shi ne, ko da wannan babbar riba da kulawar ma'aikatan lafiya, wa'adin da aka tsara bai zarce wata 5 ba.

4.3. Rejim mai sauƙi

Wannan shi ne ya dace da yawancin mutane, kuma wa'adinsa kimanin wata 6 ne. Cibiyoyin lafiya na ƙasa na Amurka, a cikin ƙa'idojinsu na 1998, sun sa burin farko a kashi 10 bisa 100 na nauyi cikin wata 6, da saurin rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Sun kuma nuna cewa bayan wata 6 nauyi kan tsaya, ko ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan. Mu ɗauki misalin mace mai kilo 90. Burinta na farko kilo 9 ne. A bisa rabin kilo a mako, lissafi ya ba da mako 18. Amma tun da jiki na rage ƙonawa a hanya, sai ta sa ran wata 5 ko 6. Idan ta kai nan, abin da ya fi shi ne ta tsaya ta riƙe sabon nauyin na wasu watanni, sannan a duba ko akwai buƙatar zagaye na biyu. Ƙara matse ciki a lokacin da ma'auni ya tsaya ya fi kawo gajiya da komawa ga cin da ya wuce na da.

5. Fita daga rejim

A binciken DiRECT an maido da abinci sannu a hankali cikin mako 2 zuwa 8, sannan aka ci gaba da ganin mutanen kowane wata. Duk da haka, a shekara ta biyu kashi 46 ɗin nan ya sauka zuwa 36, domin nauyi ya fara dawowa ga wasu. Dalilin a fili yake: ƙaramin jiki ƙaramin ci yake buƙata, ga kuma yunwar da muka ambata a sashe na 3. Wanda ya koma ga kwanonsa na da, da yawan man miya da sukarin shayi na da, zai koma ga nauyinsa na da. Don haka matakin riƙewa ba shi da ranar ƙarewa, kuma tafiyar ƙafa ko wani motsa jiki na kullum yana da babban matsayi a cikinsa.

6. Lokacin da ake dainawa kafin wa'adi

Suma, da bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, da ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama, da ɗaukewar haila, duk dalilai ne na tsayawa a ga likita. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, ba su shiga mataki na (b) ko na (c). Mai shan maganin ciwon sukari ko na hawan jini kuma ba ya farawa sai likita ya sake duba maganinsa, don kada sukari ko jini ya faɗi ƙwarai.

7. Kammalawa

A taƙaice, gwargwadon tsananin rejim, gwargwadon gajartar wa'adinsa: mako 12 ga mai tsanani, wata 3 zuwa 5 ga matsakaici mai kulawar asibiti, kimanin wata 6 ga mai sauƙi. Kafin a fara, ya kamata a rubuta abu uku: nauyin da ake son kaiwa, ranar da za a tsaya, da abin da za a riƙa ci bayan an tsaya.