Masu Digiri Sun Koma Aji: Tururuwar Neman Aikin Mataimakin Lauya a Amurka

A Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare kai tsaye. Sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, sannan ya ƙara shekara uku a makarantar lauyoyi, inda kuɗin makaranta kaɗai a jami'o'i masu zaman kansu kan haura dala 50,000 a shekara. Shi ya sa masu digirin tarihi, siyasa ko adabi da yawa ke yanke hanya: su yi kwas ɗin satifiket na mataimakin lauya, wanda ake gamawa cikin 'yan watanni zuwa shekara guda.

Samun gurbi ba shi da wuya sosai. Jami'o'i irin su Georgetown da UCLA na da kwasa-kwasan da aka tsara wa masu digiri. Galibin makarantu na neman takardar sakamako da rubutun da mai nema zai bayyana manufarsa, wasu kuma su ƙara da wasiƙar shaida daga malami ko wurin aiki. Babu jarrabawar LSAT da ke tare ƙofar makarantun lauyoyi. Wanda ya yi digirinsa a waje, kamar ɗan Najeriya ko Nijar, yakan fara kai takardunsa ga hukumar tantancewa irin WES.

Tururuwar neman wannan satifiket ta ƙaru bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008. Manyan ofisoshin lauyoyi suka rage ɗaukar ma'aikata, sababbin lauyoyi suka fito da bashi a wuya ba aiki. Ɗaliban da ke shiga ajin farko na makarantun lauyoyi suka ragu daga sama da 52,000 a 2010 zuwa ƙasa da 38,000 a 2014.

Su ma ofisoshin suna da riba a ɗaukar mataimakan lauya. Tun 1989, a shari'ar Missouri da Jenkins, Kotun Ƙoli ta amince a biya aikin mataimakin lauya a kan farashin kasuwa idan an ci shari'ar da doka ta ɗora kuɗin lauya a kan wanda ya sha kaye. Binciken hukunce-hukuncen baya, tsara takardu da shirya fayil ɗin kotu sun zama aikin da ofis ke cajin kuɗi a kai, alhali albashin mai yin sa kaɗan ne: a 2023 matsakaicin albashin mataimaki ya kai kimanin dala 61,000 a shekara, na lauya kuwa ya zarce 145,000.

Sai dai satifiket suna ya tara. Yawancin jihohi ba sa ba da lasisin wannan aiki, don haka kowace makaranta na iya buga takardarta. Masu ɗaukar aiki kan duba ko Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, ABA, ta amince da kwas ɗin, tantancewar da ta soma a 1975. Kalifoniya ce ta bambanta, domin dokarta ta ƙayyade karatun da ya wajaba kafin mutum ya kira kansa mataimakin lauya. Kuma komai ƙwarewarsa, ba ya ba da shawarar shari'a ko yanka kuɗin aiki. Yana ƙarƙashin lauya ne.

Wasu jihohi sun gwada faɗaɗa masa iko. Washington ta ƙirƙiro lasisi mai iyaka a 2012 don shari'o'in iyali, ta daina ba da sababbi bayan hukuncin kotun ƙolinta na 2020. Utah da Arizona kuwa sun ci gaba da nasu tsarin. A gefe guda, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara cinye aikin tace takardu, wanda da shi sababbin shiga ke koyon sana'ar, abin da ya sa makarantu ke ƙara darussan sarrafa shaidun kwamfuta a manhajarsu.