Idan Cocin Katolika Ya Cika Shekara Ɗari, Me Ake Ƙirgawa?

Duk wanda ya zauna a Jos, Kaduna ko Kafanchan ya san alamar. Ana saura 'yan makonni sai ka ga maza da mata sun fito da anko: atamfa mai hoton coci a tsakiya, fuskar bishop a gefe, ga shekaru biyu a rubuce, ta farawa da ta bana. Wani cocin Katolika ne ya cika shekara 25, ko 50, ko 100. Maƙwabcin da ba ɗan ɗarikar ba yakan ɗauka shekarun ginin ake ƙirgawa. Sau da yawa ba haka ba ne.

Lissafin yana iya tashi daga ranar da fada na farko ya sauka a gari ya yi Misa, ko da a rumfar ciyawa ce. Yana iya tashi daga ranar da bishop ya mai da wurin farish, wato yanki mai iyaka da fadansa da littattafansa. Ko kuma daga ranar da aka keɓe ginin. Tsakanin waɗannan ranakun akan sami tazarar shekaru masu yawa, shi ya sa za ka ga cocin bulo da kwano yana bikin shekarun da suka ninka nasa.

Shendam, a kudancin jihar Filato, ta isa misali. Ranar 12 ga Fabrairun 1907 fada uku na ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, suka isa garin: Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren. Ta kogin Binuwai suka biyo, suka sauka a ƙasar Long Goemai, sarkin garin, a zamanin da Turawan mulki ke taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Daga wannan ranar 'yan Katolikan yankin ke ƙirga shekarunsu. Da shekara ɗari ta cika a 2007, Paparoma Benedict na 16 ya yanke Shendam daga Jos ya mai da ita dayosis mai cin gashin kanta, James Daman ya zama bishop na farko, cocin Sacred Heart na garin kuma ya zama babban cocin da kujerar bishop take.

Wannan ba ya nufin ginin ba shi da daraja. Ranar keɓe coci rana ce ta musamman. Bishop yakan zuba mai mai tsarki a kan bagade ya shafe shi da tafin hannunsa, ya shafa wa bango a wurare goma sha biyu ko huɗu, a ƙona turare, sannan a kunna kyandirori. A al'adance akan ajiye wani ɗan abu daga jikin wani tsarkaki a ƙarƙashin bagaden. Idan ka shiga tsohon coci ka ga ƙananan gicciye jere a bango, kowanne da mazaunin kyandir, to wuraren da man ya taɓa ke nan. Kowace shekara idan ranar ta zagayo, wannan cocin yakan yi ta a matsayin babban idi nasa.

Akwai coci guda da 'yan Katolikan duniya duka ke tuna ranar keɓewarsa, 9 ga Nuwamba: cocin Lateran da ke Roma, kujerar Paparoma a matsayinsa na bishop ɗin birnin. Tun 324, zamanin Sarki Kostantin, ake ƙirga masa, don haka a 2024 ya cika shekara 1,700. Amma girgizar ƙasa ta rushe shi, gobara ta cinye shi sau biyu a ƙarni na 14, fuskar da baƙi ke ɗauka hoto a yau kuwa aikin ƙarni na 18 ce. Ba wanda ya ce a soma lissafi daga farko.

Su kuma shekarun da ake zaɓa don biki, fifita shekara ta 50 ya samo tushe daga Littafin Firistoci sura 25, inda aka umarci Isra'ilawa su mayar da gonaki ga masu su, su saki bayi. Paparoma Boniface na 8 ya kira shekara mai tsarki ta farko a 1300, daga baya aka tsayar da ita duk shekara 25.

Shagalin kansa ba baƙo ba ne: addu'ar kwana tara, Misar godiya da bishop ke jagoranta, Zumuntar Mata da kiɗan tulu da kacau-kacau, karrama tsofaffin katekis, sai gidauniya. Ita gidauniyar kan so ta cinye bikin. Kwamiti ya fi zumuɗin sabon zaure ko tayil, har a kankare tsohon bangon da aka taru dominsa.

A ganina, dukiyar da ta fi cancantar kuɗin tana cikin kabad ɗin ofishin fada. Tun babban taron cocin Katolika na Trent a 1563 aka wajabta wa kowane farish rubuta baftisma da aure. A layi guda za ka ga sunan yaro, iyayensa, ranar haihuwa, wanda ya tsaya masa, da sa hannun fada. A gefen shafin kuma an bar fili, inda bayan shekaru za a ƙara cewa ya yi aure ko ya zama fada. Har gobe mai son ɗaura aure a coci sai an nemo masa shaida daga inda aka yi masa baftisma, ko da ya bar garin tun yana goye. A ƙauyuka da yawa waɗannan littattafan sun girmi rajistar haihuwa ta gwamnati, kuma kwafi ɗaya ne tak, ga gara ga yoyon damina. Ɗaukar hoton shafukansu ɗaya bayan ɗaya, a ajiye kwafi a ofishin dayosis, ba zai ci kuɗin ankon mutum hamsin ba.