Hawan Mambila Ba Wuya, Gangarowar Ce Abin Tsoro

Da hutu ya samu, sai ka ga an haɗa kuɗin mai an nufi Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, don gaida abokan da aka yi makaranta ko aiki tare. Daga Jalingo a bi ta Bali da Serti, a Mayo Selbe hawa ya fara, sai ga ka bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Shanu ko'ina, gonakin shayi a Kakara, ga sanyin da zai sa Bakano neman bargo tun kafin magariba.

Ranar dawowa ce ake jin jiki. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya, da ya ga gangara sai ya ɗora ƙafa a birki ya ƙi ɗagawa. Birki kuwa gogayya ce. Tun yana ɗumi har ya ɗau zafi, man birki ya tafasa. Da fari ƙauri za ka ji. Daga nan ka taka ka ji ya yi laushi kamar soso, ya nutse har ƙasa, ga kwana a gaba, ga rami a gefe. Don haka tun daga sama ka sa giya ta biyu, inda ya yi tsanani ta ɗaya, injin ya riƙe motar. Mai otomatik ya sa a L ko 2. Masu sakin mota a furi wai tattalin fetur suke, ban san nawa ne kuɗin litar da ta kai rai ba. In ka ji ƙauri, nemi fili ka tsaya, ka tokare taya da dutse, ka bar birkin ya huce don kansa. Kada ka watsa masa ruwa.

Sai kuma kunya. Ka miƙe da azahar, aboki ya riƙe maka hannu: "Haba Malam, shekara nawa rabonmu? Tsaya a sauke tuwo." Hira ta yi daɗi, la'asar ta yi sakaliya, ka kama gangara cikin hazon da babbar fitila ba ta ratsa shi, sai ma ta dawo maka da haske a ido. In tuwon ya riƙe ka, to ka kwana. Da hantsi, bayan hazo ya ɗaga, ka duba man birki da ruwan lagireto tun injin yana sanyi, sannan ka yi sallama.